Biskit a Gwangwanin Allurar Kaka

'Yata,

Na fita kina barci, motar wurin aiki ba ta jira.

Maɓallin rigata ya cire da safen nan, sai na buɗe gwangwanin biskit ɗin da kakarki ke ajiye allura da zare. Kin san abin da na tarar a ciki? Biskit! Tun da aka haife ni ban taɓa ganin gwangwanin biskit da biskit a ciki ba sai yau. Har da alewa a ƙasa, an lulluɓe da ƙyalle.

Ashe shi ya sa sukarinta ya ƙi sauka, ni kuma ina ta zagin na'urar awo, ina cewa jabu aka sayar mini. Tsohuwar da ke rantsuwa ko shayi ba ta sa wa sukari! Likita kuwa ya ce in aka ci gaba haka, idonta ne zai fara tafiya.

Na kwashe komai na tafi da shi. Na zuba mata gyaɗa a gwangwanin, ga karas da kokwamba na yanka a firji. In ta nemi abin taɓawa, su za ki ba ta. Za ta ce ita ba akuya ba ce. Ki ce to, ki ajiye farantin kusa da ita.

In ta tambayi ɓarawon, ki ce ni ne. Ta zage ni son ranta. Zagin nan nake so in yi ta sha har nan da shekara ashirin.

Babanki