Laftof ɗin Yayana Zacharias

Iya, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle.

Ni 'yar Dutse Alhaji ce, shekarata ashirin da shida. Yayana Zacharias makanike ne a Apo, amma Asabar da Lahadi aikin DJ yake yi a bukukuwa. Shi ya koya mini. A watan Mayu ya rasu bayan jinyar kwana tara, kayan kiɗansa duka suka dawo hannuna.

Bari in yi miki bayani, don na san ba harkarki ba ce. Faifan da muke juyawa ba waƙa a cikinsa. Waƙoƙin suna cikin laftof, wata manhaja ce ke bin motsin hannunka a kan faifan, in ka ja baya waƙa ta koma baya, in ka tsayar ta tsaya. Yaya da manhajar Traktor yake aiki, shekara tara bai canza ba. A kowace waƙa ya sa alamomin wurin shiga da wurin fita, ya ba su suna. Wata ya rubuta "nan iyaye ke tashi rawa". Wata kuma "Auta, jira tukuna", saboda ni da gaggawa, kullum sai na shigo da waƙa kafin lokaci. Sun fi dubu, Iya. Wani lokaci ba aiki zan yi ba, buɗewa kawai nake yi in karanta.

To ƙaramin akwatin da ke haɗa faifan da laftof ya tsufa, ya sha faɗuwa daga bayan mota. Makon jiya a wani biki a Tungan Maje, da la'asar, amarya na tsakiyar fili, sauti ya ɗauke. Na gyara, ya sake ɗaukewa. Uwar amarya ba ta zage ni ba, ta dai matso ta ce, "'Yata, da Zacharias ne da ba a yi haka ba." Na ƙarasa aikin, na shiga bayan kanofi na yi kuka.

Abokinsa Silas, shi ma DJ ne, ya ce in koma wata manhajar, Serato. Ita yake amfani da ita, shi da waɗanda yake aiki da su, in abu ya lalace a fili akwai mai ba ni aro. Har ya ce in zo in koya a kan kayansa. Wani kuma ya ce rekordbox, wai ita ta dace da kayan da ake samu a wasu wuraren taro. Na ce wa Silas zan yi tunani, yau kwana shida ban ɗaga wayarsa ba. Da zarar na tuna canji sai in ji kamar zan sake binne Yaya da hannuna. In na zauna a yadda nake kuma, ga bukukuwan Disamba sun matso, ina tsoron in ɓata sunan da ya bari. Wanne zan zaɓa?

Auta, daga Dutse Alhaji

Auta, Allah ya ji ƙan yayanki, ya ba ki haƙuri. Maganar uwar amarya ta yi ciwo, amma akwati ne ya gaza, kuma da a hannunsa ya gaza, shi ma shirun zai ji.

Kin yi gaskiya, ba harkata ba ce, don haka na kai wasiƙarki wurin Patricia, wadda ta daɗe tana wannan sana'a. Abu na farko da ta faɗa shi ne, tun kafin ki zaɓi komai, ki kwafe duk abin da ke cikin laftof ɗin nan, waƙoƙi da alamomi, ki ajiye a wuri biyu. Na'urar da ta daɗe haka tana iya mutuwa ba sallama. Wannan yau za ki yi shi, ba gobe ba.

Na biyu, ta ce duka ukun suna aiki, kada kowa ya ruɗe ki da cewa tasa ce sarauniya. In kin zauna a Traktor, hannunki ya riga ya saba, akwati kawai za ki sake. Sai dai ki tambayi kanki, in ya ba ki matsala ana tsakiyar biki, wa za ki kira? In kin koma Serato, za ki sha wahalar koyo na 'yan makonni, ki sake faifai da akwati, amma injinan juya faifan na Yaya suna nan a ƙarƙashin hannunki, kuma kina da mutane kusa. Rekordbox ki bar ta tukuna, sai in wuraren da ake kiranki da ita suke aiki. Ta kuma ce akwai hanyar kwashe alamomin zuwa sabuwar manhaja, galibi suna wucewa, wasu sai an gyara da hannu. A gwada a kan kwafi, kada a taɓa na asali.

Ni dai ra'ayina, ki yi Disamba da abin da kika sani, da akwati lafiyayye ko na aro ne. Mai makoki ba ta koyon sabon abu a gaban taro. A Janairu, in aiki ya lafa, ki je wurin Silas ki gwada tasa sau uku ko huɗu, hannunki zai gaya miki gaskiya. In kin canza ba ki ci amana ba. Mutumin da ya yini yana cire tsohon ƙarfe yana sa sabo don mota ta tashi ba zai yi fushi da ke a kan wannan ba.

Ki kira Silas yau, ki gaya masa abin da kika gaya mini. Yana ganin manhaja kuke jayayya a kai, bai san abin da ke ranki ba, kuma shi ma aboki ya rasa. Allah ya sanyaya zuciyarki, 'yata, ya sa albarka a hannunki.

Iya