A Mayar da Koci Dawud Bencinsa Kafin Juma'a

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Wasanni na ƙungiyar ɗalibanmu 'yan Nijeriya da ke Alƙahira.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan Malam yana cikin ƙoshin lafiya. Ya karatu, ya ɗawainiyar jama'a? Allah ya saka da alheri.

Ni ne Sagir, kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon ƙafar ɗalibanmu, ɗan wasan baya, ɗalibin shekara ta huɗu a sashen Shari'a, mazaunin Hayyul Ashir a Madinat Nasr. Malam ya san ni, don da hannunsa ya ɗaura min kambun kyaftin bara. Da so samu ne, da ƙafa zan tako in yi wannan magana a ɗaki. To amma a guruf ɗin ɗalibai aka yi sanarwar da ta dame ni, kowa ya karanta, shi ya sa ni ma na rubuta inda kowa zai gani.

Maganata guda ce. Ranar Litinin kwamiti ya sauke Koci Dawud, mutumin da ya kai mu wasan ƙarshe na gasar ɗaliban ƙasashen waje. Ranar Juma'a bayan la'asar za mu kara da ɗaliban Senegal. Roƙona shi ne a mayar da shi bencinsa kafin ranar.

Ga wanda bai san shi ba, Dawud baƙar fata ne ɗan Amurka, Musulmi, ya zo Masar koyon Larabci shekara biyu da suka wuce. Gidan da yake haya yana kallon namu. A masallacin layinmu muka saba, kuma ni na kawo shi wajen kwamiti bayan na ji cewa aikinsa ke nan kafin ya zo, horar da matasa ƙwallo.

Na farko, dalilin da aka rubuta. Sanarwar ta ce: "Kasancewar ƙwallon ƙafa ba wasan Amurkawa ba ne, kuma wasan ƙarshe yana bukatar wanda ya taso da ƙwallo a jininsa, kwamiti ya ga dacewar a canza mai horarwa." Sau uku na karanta, ina neman inda aka ambaci laifinsa, ban samu ba. Ba a ce ya zagi wani ba, ba a ce ya yi sakaci ba, ba a ce an ci mu ba, domin tunda aka fara gasar nan ba a ci mu wasa ko ɗaya ba. Fasfo ɗinsa kawai aka duba. Kuma Allah gafarta Malam, mu masu ƙwallo a jini, ai an ga abin da jinin ya yi mana. Shekara uku ina buga gasar nan kafin ya karɓi ƙungiyar, ba mu taɓa wuce zagayen farko ba. Tsarin wasanmu a lokacin shi ne duk inda ƙwallo ta nufa mu goma mu bi ta, gola kuma ya yi ta addu'a. Wanda ya fi kowa ƙarfin murya a bakin fili shi ne koci a ranar.

Na biyu, aikin da ya yi mana. Talata da Alhamis bayan sallar asuba, a filin matasa na unguwa, kafin kowa ya tafi darasi. Ba ya makara, ko da sanyin hunturun nan da ke sa mutum ya yi ta shawara da bargo. Yana da wani littafi mai baƙin bango da yake rubuta komai a ciki, wanda ya zo, wanda bai zo ba, wanda ƙafarsa ta hagu ado ce kawai. Sai wani abu da ban taɓa ganin wani ya yi tunaninsa ba. Ya lura cewa duk ƙungiyoyin gasar nan suna jin Larabci, da yawa kuma suna jin Turanci, don haka duk umarnin da ya bayar daga benci abokan karawa sun riga mu ji. Sai ya zaunar da ni na rubuta masa kalmomin Hausa, ya haddace. Matsa, koma, buɗe, riƙe, saki. Yadda yake furta "buɗe" har yau yana ba yara dariya, amma da wannan buɗen nasa muka fitar da ɗaliban Mali suna kallonmu ba su san me ake cewa ba. Wannan shi ne mutumin da aka ce bai san wasan ba.

Na uku, kuma a nan sai na fara da kaina. Wannan magana ta cewa Ba'amurke bai san ƙwallo ba, ba kwamiti ne ya ƙirƙiro ta ba. A gidan shayi muka ɗauko ta, inda muke taruwa kallon wasannin Turai. Duk sanda aka ɗauki wani koci ɗan Amurka a can, masu sharhi sukan fara yi masa dariya tun kafin ya buga wasa ɗaya, mu ma mu taya su. Ni da bakina na sa wa Dawud suna Mai Hular Kwano, saboda wancan wasan nasu da ake rungumar ƙwallo a gudu. Sunan ya bi shi, ya ji, ya yi murmushi kawai.

Sai wata rana a mikrobas, ƙaramar motar hayar nan, muna dawowa daga Darrasa inda na raka shi sayen littattafai, ya ba ni labarinsa. Kafin ya zo Masar ya yi aiki a wata ƙaramar ƙungiya a Turai, yana horar da matasansu. Yana da takardun horarwa iri ɗaya da na kowa a wurin, a aji ɗaya suka zauna suka ci jarrabawa. Duk da haka, ranar farko wani uban yaro ya tare shi ya tambaye shi, cikin ladabi ma, ko yana bukatar a yi masa bayanin dokar satar gida. In ya fito da littafinsa sai a ce ga Ba'amurke nan da lissafinsa, ya ɗauka ƙwallo ofis ce. In ya ƙarfafa wa yara gwiwa sai a ce surutun fina-finansu ne. In sun ci wasa, yaran ne ke da baiwa. In an ci su, dama me ake tsammani daga Ba'amurke? Da ƙungiyar ta tashi rage ma'aikata, da shi aka fara. Abin da ya ce min a ƙarshe, da Larabcinsa mai ɗingishi, shi ne: "Ma'alish, kada ka damu, ya Sagir. Can ban yi mamaki ba. Amma a nan na samu hutu, don ku kun san yadda abin yake."

Wallahi kunya ta kama ni, domin gaskiya ya faɗa, mun sani. A shekarata ta farko na je gwaji wata ƙaramar ƙungiya a nan garin. Mai horarwar bai bari na taɓa ƙwallo ba ya dafa kafaɗata ya ce, "Tamam, madalla, ku Afariƙa baƙar fata akwai ƙarfi da gudu, tsaya a baya ka yi ta duka, tunani a bar wa wasu." A tsakiya nake wasa tun ina Gumel, amma daga ranar na zama ɗan baya. Babu ɗalibinmu a Masar da bai taɓa haɗiye irin wannan ba, a mota, a kasuwa, ko wajen neman gidan haya. Abin da ya fi min ciwo a sanarwar Litinin shi ne, abin da ake mana muna ƙorafi, shi muka rubuta da kyakkyawar Hausa muka sa hannu.

Na huɗu, dalilin gaskiya, wanda kowa ya sani amma sanarwar ta kauce masa. A wasan kusa da na ƙarshe, ranar Juma'ar da ta wuce, Dawud ya ajiye Ustaz Nafi'u a benci. Ustaz Nafi'u babban yayanmu ne, shekararsa goma a Masar, ɗan gaba ne da ya daɗe yana ci mana ƙwallaye, kuma bana zai koma gida. Rabin 'yan ƙungiyar nan shi ya tarbo su a filin jirgi, wasu kuma a gabansa suke ɗaukar darasin Nahawu. Al'adarmu, wadda ba a rubuta ko'ina ba, ita ce babba irin wannan ba a ajiye shi a shekararsa ta ƙarshe. In kuma dole ta sa, sai a same shi a gida tun da wuri, a gaishe shi, a nemi shawararsa, har shi da kansa ya ce a sa wane. Dawud kuwa dokarsa ita ce wanda ya rasa atisaye biyu a jere daga benci zai fara. Ustaz ya rasa huɗu, saboda yana shirin kare kundin digirinsa. Dawud ya buɗe littafi a bakin fili, ya karanto sunaye goma sha ɗaya a gaban kowa, babu na Ustaz. Na ga fuskar Ustaz a lokacin. Ya cire takalmansa ya sa a jaka, ya zauna har aka tashi. Mun ci biyu da ɗaya, amma babu wanda ya yi murnar kirki.

An ɓata wa Ustaz, ban musa ba. Amma a tambaya, wa ya san al'adar nan? Ni na sani. Tun daren Alhamis Dawud ya nuna min sunayen, na gani, na yi shiru. Na yi shiru ne don ni ma a raina na fi son a fara da yaron da aka sa a madadin Ustaz, kuma na ga ga wanda zai ɗauke min nauyin faɗa. Na ce a raina, ai Ba'amurke ne, za a yi masa uzuri. Ashe kalmar da na ɓuya a bayanta ita za a ɗauko a kore shi da ita. In akwai wanda ya cancanci a sauke kan abin da ya faru da Ustaz, mai kambu ne, ba baƙon da ba a gaya wa ba.

A hanyar komawa gida ranar na yi masa bayani. Sai ya tambaye ni yadda ake ba babba haƙuri a wajenmu, na koya masa nan cikin mota. Muka shirya za mu je gidan Ustaz ranar Talata bayan atisaye. Kwamiti ya riga mu da kwana ɗaya, bai kira shi ba, bai kira ni ba, kuma na tabbatar bai kira Ustaz ba.

Da safiyar Talata Dawud ya ƙwanƙwasa mana ƙofa. Ya kawo ragar ƙwallaye, da rigunan atisaye a wanke a ninke, da littafin nan mai baƙin bango. Ya ce, "Khalas, ba komai. Ka ba sabon koci, akwai bayanin 'yan Senegal a ciki." Bayan ya tafi na buɗe. Yana rubuta rana a saman kowane shafi. A shafin Asabar, kwana biyu kafin a sauke shi, ya riga ya jera 'yan wasan Juma'a. Ustaz Nafi'u ne a lamba tara, da bayanin cewa 'yan bayan Senegal ba su iya ƙwallon sama ba, kuma babu mai buga ƙwallo da kai irin Ustaz a gasar nan. A ƙasan shafin ya rubuta jimlar da na koya masa a mota, da Hausa, sau biyar, yadda ɗan aji ɗaya ke bitar darasi: "Ustaz, na yi kuskure, ka yi haƙuri."

Saboda haka ina roƙon abubuwa uku.

Ɗaya, a janye sanarwar nan daga guruf, a kuma faɗa a inda aka yi ta cewa dalilin da aka bayar ba daidai ba ne. Yau Ba'amurke ne, gobe wani zai ce ɗan jiha kaza bai iya ba.

Biyu, Malam ya zauna da mu ukun, ni da Dawud da Ustaz Nafi'u, gobe Alhamis a duk inda ya ga dama. Zan zo da littafin. Ni zan fara ba da haƙuri, sannan a bar Dawud ya faɗi jimlarsa da ya sha wahalar haddacewa. Abin da Ustaz ya yanke bayan nan, na yarda da shi.

Uku, a mayar da sunan Dawud cikin takardar da za a miƙa wa masu shirya gasa, domin wanda babu sunansa a ciki ba ya zama a benci.

Ba na barazanar ajiye kambu, kuma ba zan zuga kowa ya ƙi wasa ba. Ko wa aka sa, zan buga iyakar ƙarfina. Na tambayi Dawud ko zai zo kallo. Ya ce zai zo, zai tsaya a bayan wayar da ta kewaye fili tare da 'yan kallo, kuma ba zai buɗe baki ba don kada ya shiga aikin wani. Na san kaina, Malam, na kuma san yaran nan. Duk sanda 'yan Senegal suka taso mana, mu goma sha ɗaya bayan waya za mu waiwaya muna jiran a ce mana matsa ko koma, shi kuma yana tsaye ya yi shiru saboda mu muka ce bai san ƙwallo ba. Ba na son in ga wannan ranar, ko da kofin a hannuna.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya da basira, ya ba shi ikon yin adalci, ya sa a gama karatu lafiya a koma gida da albarka. Allah ya ba Ustaz Nafi'u nasara a kundinsa, ya yafe mana baki ɗaya. In na yi kaushi a wani wuri, a gafarce ni, ciwon abin ne.

Wassalam.

Ƙaninka,
Sagir, kyaftin,
Hayyul Ashir, Madinat Nasr.