Kwallin da Inna Ta Rabar

Wudil,
12 ga Mayu, 1977.

Zuwa ga Yaya Isyaku,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, yaya aiki, yaya Talatu da yara? Mu nan alhamdu lillahi. Ɗana Bilya ya samu sauƙi tun da na daina zizara masa kwallin nan.

Yaya, raina a ɓace yake. Saƙonka ya iso cewa kun auna kwallin da Inna ta yo tsaraba daga aikin hajji a ɗakin gwajinku, kun same shi cike da darma, mai shiga jinin yaro ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Ka ce a zubar. To kai ba ka san mahaifiyarka ba? Inna ce za ta watsa abin da ya fito daga ƙasa mai tsarki a bola? Da na faɗa mata ta ce min to, ina juya baya ta ƙulla shi ƙulli-ƙulli ta rabar wa masu jego sadaka, wai kada albarka ta tafi a banza!

Tun ranar nake bin gidaje ina karɓo kwallin, Wudil har Darki, kamar mai talla. Wasu sun ba ni, wasu sun ce boko ya hau mana kai, har mun fara ƙyamar kayan Makka. Na haɗiye.

Wadda ta fi ƙona min rai ita ce Safara'u, ƙawata ta Kausani, da ta haihu bayan dogon jira. Na tarar da jaririyar idanu raɗau da kwallin, tana murza su tana tsotsar hannu. Na yi bayani har bakina ya bushe, ta ce baƙin ciki nake yi mata. Tana shiga wankan jego na sunkuci tandun kwallin, na cusa a zani na fito.

Yanzu sunana ɓarauniya a Kausani, Inna kuma ba ta amsa gaisuwata. Duk wannan na ɗauka. Amma jiya aka ce min jaririyar ta ƙi nono, tana ta amai, ni kuwa ba za su bar ni na taka gidan ba. Kai mijin Safara'u zai saurara. Don Allah ka taho da kayan ɗibar jini, kada ka bari sai ranar kasuwa.

Ka gaida mutanen gida. Wassalam.

Ƙanwarka,
Barakatu.