Lallen da ya rufe ƙunar Indo

Zuwa ga Hajiya shugabar kwamitin tallafa wa marayu da yara marasa gata na yankinmu,

Assalamu alaikum. Ranki ya daɗe, ina gaishe ki da aiki, ina gaida sauran iyayena na kwamiti. Da fatan kun koma Kazaure lafiya.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Innarmu. Na ga tafin hannun Indo kafin a sa masa lalle.

Sunana Rabi, shekaruna goma sha huɗu. Bara na gama firamare a ƙauyenmu da ke gefen Gwiwa. Ba ni da baki a gaban manya, shi ya sa na rubuta. Na rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ce don ban san ƙofar ofishinku ba. Ba zan faɗi sunan gidan ba, amma malamar da kuka turo ta san shi.

Indo 'yar yayata Hanne ce, ita ce 'yar farinta, shekararta shida. Da aka yaye ta aka kai ta wurin kakarta ta wajen uba a ƙauyen da ke gaba da namu, kamar yadda aka saba. Daga baya auren Yaya ya mutu, ta dawo gida. Uban ya tafi ci-rani kudu, aka daina jin ɗuriyarsa. Indo ta yi zamanta cikin gata har daminar bara da tsohuwar ta rasu, sai ta koma hannun baffanta da matarsa.

Da ƙaramar Sallah aka aike ni in kai musu abinci. Na same ta a bayan rumbu tana cin tuwo da hagu. Na yi mata faɗa, na ce wa ya koya mata haka. Sai ta buɗe mini hannun dama. Ƙuna ce ta cika tafin, tana ruwa. Ta ce ƙuli-ƙulin talla ta gutsura, matar baffa ta ciro ludayin ƙarfe daga kaskon suya ta ɗora mata. Ta ce in rufa mata asiri, an ce idan ta faɗa za a yi wa ɗaya hannun ma. Tun ranar ba na iya zama wuri ɗaya. Da na ji ƙarar babur daga wancan ɓangaren sai in fita ƙofa, ban san labarin da zai kawo ba.

Da aka ce kwamitinku zai zo duba yara, na yi murna har na kasa cin abinci. Ni na raka Yaya gidan. Ga abin da ya faru, ranki ya daɗe.

Na ɗaya, an tambayi uwa a inda uwa ba ta magana. Ke ma kin sani, a wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi. Yaya ba ta taɓa cewa Indo ba, sai dai "yarinyar can". Malamar ta zaunar da ita a zaure, ga mai unguwa, ga tsofaffin surukanta, ta tambaye ta ko ita ce uwar Indo, ko tana da wani ƙorafi. Yaya ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce ita ba ta da ta cewa, a tambayi masu ita. Malamar ta ɗauka ta gamsu ne. Da ta biyo mu hanya, da ta ga Yaya ta tsuguna a gefen gonar gero tana kuka, tana cewa wuyan yarinyar ya zama kamar kara. Ramar kaɗai Yaya ta gani, ba ta ma san da ƙunar ba.

Na biyu, an sanar da zuwanku tun ana gobe. Aka yi wa Indo wanka da kitso, aka ɗaura mata lalle ya kwana. Malamar ta kama hannun da kanta, ta ce kai, wannan lalle ya kama, wa ya sa wa amarya? Indo ta nuna matar baffa, aka yi dariya. Yatsun Indo biyu sun lanƙwashe, ba sa miƙewa. Malamar ta ce kunya ce ta sa ta dunƙule hannu. Ina tsaye a bayan Yaya ina kallo har malamar ta saki hannun.

Na uku, an ce Indo ba marainiya ba ce tunda ubanta yana raye. Raye a ina? Ko baffan bai san garin da yake ba.

Kada ki ce me ya hana mu ɗauko ta. Na taɓa gwada Inna da maganar a kaikaice. Ta ce ɗan da ke hannun dangin uba ba a zuwa karɓarsa, za a ce gidanmu ba kunya, kuma da wane hatsin za mu ƙara baki. Ba mugunta ba ce. Gaskiya ne rumbunmu ba ya kai mu kaka.

Don haka ga roƙona. Ku dawo ba tare da sanarwa ba. Ku tambayi uwa a ɗaki, ita kaɗai, ko ku tambayi ƙanwarta ko maƙwabciya. Ku buɗe hannun yaro ku duba, ku ɗaga rigarsa. A kai Indo asibiti a ga ko yatsun za su miƙe, domin da hannun nan za ta riƙe fensir. Idan akwai mai hali da ke neman ladan riƙo, a Kazaure ko Roni ko Babura ko ina, ya ɗauki nauyin cinta da karatunta, a bar ta kusa da uwarta. Kuma a sa baki wurin mai unguwa, don maganarku ake ji, ba tawa ba. Na tabbata ba Indo kaɗai ba ce 'yar farin da uwarta ta yi shiru a zaure.

Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya raya miki zuri'a, ya sa kada hannun ɗanki ya ga abin da na gani.

Ni dai na yi tunani, Indo ba 'yar farina ba ce, kunyar ba ta hau kaina ba. Ranar kasuwar Gwiwa mai zuwa zan je in ce a ba ni ita ta yi mana kwana biyu. Ba a hana ƙanwar uwa wannan. Ba zan mayar da ita ba. Tuwona zai ishe mu, kuma na riga na raba zanen rufata biyu.

Wassalam.

Taki,
Rabi