Robine Guda Bayan Katanga

Litinin, 5 ga Maris 1984
Shato, wato babban tankin ruwa, ya tsaya da ƙafafunsa, saura tiyo. Darakta ya ce in ruwa bai kai sabbin ɗakunan kwana kafin Oktoba ba, ba za a ɗauki sabbin ɗalibai a makarantar gonar nan ba, ni kuma in nemi wani aiki. Sai ka ce ni na riƙe motar da za ta kawo tiyon a Tawa.

Alhamis, 22 ga Maris
Mun tada injin rijiyar burtsatse don gwaji. Kafin in juya, matan ƙauyen da ke bayan katanga sun cika wurin da tuluna. Na kore su. Wata tsohuwa, Tabawa, ko gezau. Sai da ta cika nata.

Talata, 10 ga Afrilu
Sun dawo. Kullum suna dawowa. Tabawa ta ce: "Manzo ɗana, tun da injinka yaf fara kuka rijiyarmu taƙ ƙahe. Ruwan ga na ƙasa, wa yac ce na lakwal na, makarantar ga taku?" Na ce fari ne, bara ma ba a yi ruwan kirki ba. Ta ce ta ji, ta miƙo mini tulu in ɗora mata. Kuma na ɗora! Haushin kaina ya hana ni cin tuwo.

Asabar, 19 ga Mayu
Na kai wa darakta maganar a ba su robine ɗaya, wato famfo. Ya ce ba ya cikin tsari, kuma in aka raba ruwan ba zai hau benen ɗalibai ba. Gaskiyarsa ce, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ya sa mai gadi a ƙofa.

Laraba, 4 ga Yuli
Tiyo ya iso, rabinsa ba awonmu ba. Na gaji.

Lahadi, 2 ga Satumba
Damina ta ƙi, gero ya ƙone a tsaye. Matan sun daina zuwa, ya kamata in ji daɗi. Da safe na hango su a hanyar Azarori, wai can suke ɗebo ruwa yanzu. Tabawa ce ta ƙarshe, tana tafiya tana hutawa. Ba ta gaishe ni ba. Ina ruwana, ni tiyo aka ce in shimfiɗa.

Juma'a, 28 ga Satumba
Ruwa ya hau bene. Ba da ƙarfi ba, amma ya hau, ɗalibai za su zo. Darakta ya tambaye ni labarin guntun tiyon da ya leƙa bayan katanga, na ce na wanke layin ruwa ne, dole a riƙa buɗe shi kullum ko yashi ya toshe mu. Ya dube ni ya daɗe, ya wuce. Robinen da ke kai na gidana ne, na kwance shi jiya, maiɗakina Cima tana ta faɗa.

Tabawa ta zo da la'asar. Ta ce: "Ka gama wankin layin naka, ko in taya ka?"

Na ce layin nan datti gare shi, Inna, zai daɗe bai wanku ba.