Nama a Cikin Safar Hannu

Ohio, Oktoba 1886

Mama,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar Baba? Yaya Orpha fa, ta sauka lafiya?

Albishirinki, mun cinye gasar ƙwallon gora ta bana! Jiya aka kafa tutar nasara a filinmu, mutanen gari suka ɗauke mu a kafaɗa har masauki.

Kin tambayi aikina. Ni ne mai tsugunawa bayan mai duka, ina cafe ƙwallon da Gus, mai jifanmu, ya wurgo. Mutumin nan jifa yake kamar muna gaba. Safar hannun da ake ba mu ba ta da kauri, shi ya sa kafin wasa nakan cusa yankan ɗanyen nama a ciki don ya rage zafi. In an tashi sai Gus ya ce, "Lemuel, miƙo naman nan mu soya, ai na riga na daka mana shi." Ni kuwa in ce, "Ci abinka, gumina ne gishirin."

Kada rubutuna ya dame ki, da hagu nake yi, damar tana ɗan hutawa. Likita ya ce ba komai. Ina ci, ina barci, an kuma ce in dawo baɗi.

Roƙo ɗaya, Mama. Safar sanyin da kike saƙa min duk shekara, bana ki yi ta kamar jaka, kada ki raba yatsun. Ki ɗan ƙara mata faɗi kuma.

Allah ya bar mana ke.

Ɗanki,
Lemuel