Kada a Goge Kaset na Ashirin da Shida

Lamba 14, Layin Algeciras,
Sampaloc, Manila.
Litinin, 8 ga Oktoba, 1984.

Zuwa ga:
Mai girma Babban Edita, Mista Leandro Pascua,
Mujallar Tanaw, Port Area, Manila.

Daga:
Ruben Macaraeg, mai gyaran rubutu a maɗaba'a, tsohon ɗan jarida.

Game da: Kurakuran da mujallarku ta yi a kan shirin "Jirgin Tala", da roƙon gyara kafin a goge kaset ɗinsa ranar 31 ga Oktoba.

Yallaɓai,

Bayan gaisuwa da ban girma, ina neman izinin gabatar da wannan ƙorafi. Ƙila ba za ku tuna ni ba. Na yi shekara huɗu a ƙarƙashinku a teburin labarai na jaridar da aka rufe a 1972. A hannunku na koyi cewa abu biyu ba a yafe wa ɗan jarida kuskurensu: sunan mutum da lokaci. A kan waɗannan biyun na zo.

Ni ne mijin marigayiya Ligaya Macaraeg, wadda ta fito a matsayin Matuƙiya Oru a "Jirgin Tala", wasan ƙagen kimiyya mai kashi ashirin da shida da gidan talabijin na Bagwis ya nuna kowace Asabar, daga 24 ga Maris zuwa 15 ga Satumba. Oru halitta ce daga wata duniya, saboda haka a kashi ashirin da biyar na farko matata tana sanye da fuskar roba mai launin toka, ba a ganin ko idonta. A kashi na ƙarshe ne kaɗai ta cire ta, ta yi magana da fuskarta na tsawon minti huɗu. An ɗauki wannan kashi a watan Yuli. Ta rasu ranar Litinin, 6 ga Agusta. Ta bar ɗiya ɗaya, Amihan, mai shekara shida.

Ga ƙorafe-ƙorafena:

1. Kuskuren lokaci. A fitowarku ta 15 zuwa 21 ga Satumba, shafi na 9, kun buga cewa za a nuna kashi na ƙarshe da ƙarfe bakwai da rabi na yamma. An nuna shi da ƙarfe shida, saboda wasan ƙwallon kwando da ya karɓi lokacinsa. Gidan talabijin ya sanar da ku canjin a rubuce ranar 10 ga Satumba, kwana uku kafin ku rufe shafi. Na ga kwafin takardar, da tambarin karɓa na ofishinku a jikinta.

Za a iya cewa tashar ta yi ta sanar da canjin a kan allo. Haka ne. Amma gidanmu gidan makoki ne. Tun ranar rasuwa surukata, Aling Pacing, ta lulluɓe akwatin talabijin da farin mayafi, ba a kunna shi ba sai bayan kwana arba'in. Mujallarku kaɗai muka dogara da ita. Ranar arba'in ɗin ta faɗo daidai 15 ga Satumba. Ba mu muka tsara haka ba. Maƙwabta sun cika falo da ƙofar gida, an dafa taliyar pansit, an fara addu'ar carbi da ƙarfe shida saura kwata. Abokina Nestor Abaya, wanda ya tsaya wa Amihan uban baftisma, ya ɗauko na'urar bidiyonsa daga Marikina domin mu naɗi shirin. Da ƙarfe bakwai da minti ashirin da biyar surukata ta yaye mayafin da hannunta. Muka ga 'yan ƙwallo. Nestor ya ce, "Pare, abokina, ko dai jirgin nasu a filin ƙwallo ya sauka?" Ba wanda ya yi dariya. Daga baya na lissafa: lokacin da fuskar matata ta bayyana, muna durƙushe a gaban akwatin, taku biyu tsakaninmu da shi, yana lulluɓe.

2. Kuskuren suna. A fitowar 22 ga Satumba, shafi na 31, kun buga hoton Oru da fuskar roba, kuka rubuta sunan wata 'yar wasa dabam a ƙasansa. Ita wannan baiwar Allah ba ta da laifi, ta ma bugo mini waya ta ba da haƙuri. Mujallarku ba ta taɓa buga sunan Ligaya Macaraeg ba ko sau ɗaya cikin makonni ashirin da shida. Na duba duka, suna nan a ajiye.

3. Cire shirin daga takardar zaɓe. Wannan shi ne babban. Kamar yadda kuka sani, kowace shekara mujallarku da tashar Bagwis kuna buga takardar da masu kallo ke yankewa su zaɓi shirye-shiryen da za a maimaita. Biyar da suka fi samun ƙuri'a ake ajiyewa, sauran a goge kaset ɗinsu a naɗi sababbi a kai. Tashar ta aiko muku da sunaye ashirin da ɗaya. A fitowar 29 ga Satumba ashirin suka fito. Babu "Jirgin Tala".

Na bi sawun abin. Tallar sabulu ta ƙaru da inci ɗaya, shafi ya matse, mai tsara shafin ya yanke layin ƙasa. Ban zarge shi da mugunta ba, domin ni ma haka aka koya mini: idan labari ya yi tsawo, daga ƙasa ake yanka, tunda mai muhimmanci yana sama. Amma jerin suna ba labari ba ne. Tashar ta jera shirye-shiryen ne bisa ranaku, daga Lahadi zuwa Asabar, shi ya sa namu ya zo a ƙarshe. Shirin da ba ya cikin takarda ba zai sami ƙuri'a ko ɗaya ba. Wato an yanke masa hukunci ba a saurare shi ba.

4. Yadda aka karɓe ni. Na zo ofishinku ranakun 1, 3 da 5 ga Oktoba. Sau biyu aka ce kuna taro. A zuwa na uku wani ma'aikacin teburin shirye-shirye, wanda ba zan ambaci sunansa ba, ya karanta takardata a tsaye, ya ce, "Mang Ruben, wasan yara ne fa, na masu kifa ƙwarya a ka. Wa zai ɓata almakashinsa saboda wata mai fuskar kwaɗo?" Bai san matata ce ba. Ban gaya masa ba. Na gode masa na fita.

Kafin in dame ku, na gwada sauran ƙofofi. Na roƙi tashar ta ba ni kwafi, aka ce doka ta hana ba mutum ɗaya. Na sa cigiya a allon cocinmu da shagunan hayar kaset goma sha ɗaya ko akwai wanda ya naɗa. Waɗanda suka amsa duk ƙwallon kwando suka naɗa, domin su ma ku suka bi. Mai kula da ɗakin kaset na tashar, Mang Tibo, ya nuna mini kaset ɗin a kan kanta, da jan layi a gefensa, alamar za a goge shi, ya ce, "Ni mai gadi ne, ba mai kaya ba. Abin da takarda ta ce shi nake yi. Kawo mini takardar editan nan mai tambari, in ajiye maka shi har tashin ƙiyama. In babu, ranar talatin da ɗaya sai dai ka yi haƙuri da ni."

Saboda haka ina roƙon Yallaɓai da abubuwa huɗu:

(a) Ku rubuta wa daraktan shirye-shirye na tashar Bagwis, a matsayinku na abokan wannan zaɓe, cewa an yi kuskure a takardar, a dakatar da goge kaset ɗin "Jirgin Tala", ko da na ashirin da shida ne kaɗai.
(b) Ku sake buga takardar zaɓen da sunaye ashirin da ɗaya a fitowar 13 ga Oktoba.
(c) Ku ƙara mako ɗaya a kan ranar rufe zaɓe, 20 ga Oktoba.
(d) Ku buga gyaran suna, layi biyu, ko a wane shafi.

Idan ɗaya kaɗai zai yiwu, na farkon nake roƙo. Ba diyya nake nema ba, ba kuma na so a hukunta kowa.

Yallaɓai, ni ma ban taɓa ganin minti huɗun nan ba. Da na tambayi Ligaya abin da Oru za ta faɗa, cewa ta yi, "Kai mai karanta komai kafin a buga, wannan karon sai ka jira tare da kowa." Na jira. Muna da hotunanta huɗu a gida, babu mai motsi, babu mai magana. Makon jiya malamar Amihan ta ce kowane yaro ya zana mahaifiyarsa. Ɗiyata ta zana fuskar roba mai launin toka. Da na tambaye ta dalili, ta ce waccan ce take iya tunawa tana magana.

Na san kuna rufe shafi ranar Alhamis, 11 ga Oktoba, da ƙarfe goma sha biyu na rana. Na nemi hutu a wurin aiki. Zan kasance a kan bencin da ke gaban ofishinku tun ƙarfe takwas, ba don in takura muku ba, sai don idan takardar ta fito in kai ta da hannuna.

Ina roƙon afuwa idan na tsawaita. Ku ne kuka koya mini taƙaitawa, amma na rasa layin da zan yanke.

Naku cikin ladabi da girmamawa,

Ruben Macaraeg.

Abin da ke haɗe: kwafin takardar tashar ta 10 ga Satumba, shafuka uku na mujallarku, na ja layi a ƙarƙashin kurakuran, zanen Amihan, wanda nake roƙo a dawo mini da shi, domin ba ta san na ɗauka ba.